Lambar Ɗan Ƙasa Ta Shiga Kasuwa: Wa Zai Rufa Wa Talaka Asiri?

A cikin watan Yuni na shekarar 2024, wata ƙungiya mai kare haƙƙin jama'a a harkar sadarwa, wadda ake kira Paradigm Initiative, ta shaida wa 'yan Nijeriya cewa ta sayi takardar lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, a kan Naira 100 kacal. Ba a lungu aka yi cinikin ba, ba kuma da dare ba. Ƙungiyar ta shiga wani shafi ne na intanet mai suna AnyVerify, ta biya kuɗin, aka miƙo mata takardar. Ta kuma ce ta sayi ta Dokta Vincent Olatunji, wato shugaban hukumar nan ta NDPC wadda aka kafa musamman domin tsaron bayanan mutane. Naira 100 kuwa, kamar yadda mai karatu ya sani, ba ta kai kuɗin hawa ɗan acaɓa daga unguwa zuwa kasuwa ba.

Watanni uku kafin nan, a cikin watan Maris, 'yan jaridar bincike na gidauniyar FIJ sun riga sun fallasa wani shafin mai suna XpressVerify, wanda yake sayar wa duk mai so cikakken sunan mutum, da hotonsa, da adireshinsa, da lambar wayarsa, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, ta musanta cewa an fasa rumbunta na adana bayanai, ta kuma jero sunayen wasu shafuka ta ce ba da izininta suke aiki ba. Ita kuwa NDPC, bayan ta bincika, sai ta ce alamu sun nuna wani ne daga cikin waɗanda aka ba lasisin tantance lambobi ya bar wa wani mabuɗinsa. A taƙaice, ba a fasa ƙofa ba. Wanda aka ba mabuɗi ne ya ba da aronsa.

Tun daga lokacin, gargaɗin da muke ji a rediyo, da wanda bankuna ke aiko mana ta waya, duk iri ɗaya ne: kada ka ba kowa lambarka, kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, kada ka latsa abin da ba ka sani ba. Wannan gargaɗi gaskiya ne, za mu kuma komo kansa. Amma a ganinmu rabin magana ne. An ɗora wa talaka nauyin gadin abin da aka tilasta masa ya miƙa wa wasu, alhali kuwa ta hannun waɗannan da aka miƙa wa ne abin yake yawan zubewa.

Idan mai karatu bai manta ba, ba rana ɗaya aka tara waɗannan bayanai ba. An kafa NIMC da dokar shekarar 2007. A 2011 aka soma rajistar layukan waya, aka ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, aka sake ɗaukar hoto da yatsu. Sa'an nan a watan Disamba na 2020, Ministan Sadarwa na wancan lokaci, Dokta Isa Ali Pantami, ya ba da umurni a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, in ba haka ba a rufe shi. Waɗanda suka yi layi a ofisoshin NIMC na Kaduna, Jos, Kano, Yola ko Bauci ba za su manta ba. Ana tsakiyar annobar korona, ana gaya wa mutane su guji cunkoso, ga shi kuwa tsofaffi da mata masu goyo suna fitowa tun da asuba su rubuta suna a takarda, wasu su yi sati suna zarya. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa ran 14 ga Satumba, 2024, wanda hukumar NCC ta ce shi ne na ƙarshe. Tun daga 2021 yaro ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai da NIN. Haka fasfo. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ma sai an haɗa shi da NIN ko BVN. Masu lambar NIN sun haura miliyan 100 tun a 2023, masu BVN kuwa sun haura miliyan 60 a 2024.

Hujjar da aka ba mu ita ce tsaro. An ce idan kowane layi yana da mai shi, ɓarayin mutane ba za su iya buga waya su nemi kuɗin fansa ba. Jama'ar Zamfara, Katsina, Neja da kudancin Kaduna su ne za su faɗi ko an daina bugo musu. Shi kansa Dokta Pantami, a watan Janairu na 2024, bayan ya bar mulki, ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara yadda ya kamata. Ba muna cewa ƙasa ta zauna ba ta san 'ya'yanta ba ne. Kowace ƙasa tana bukatar rajista. Abin da muke faɗi shi ne, wanda ya tilasta maka ka ba shi ajiya ya ɗauki alhakin tsaronta, ko amfanin da ya yi alkawari ya samu ko bai samu ba.

Yana da kyau mu fahimci yadda sarƙar take, gama da yawa daga cikinmu suna tsoron abin da bai kai a ji tsoro ba, suna kuma sakaci da wanda ya fi haɗari. Lambar NIN ita kaɗai, ko BVN ita kaɗai, ba ta isa a kwashe kuɗi daga asusun mutum ba. Aikinta a hannun macuci shi ne ta sa ka yarda da shi. A da, zamanin wasiƙun 419, ɗan damfara yakan yi harbin iska ne, ya aika wasiƙa ɗari ko zai dace da mutum ɗaya. Yau kuwa yana kiran ka da cikakken sunanka, ya faɗa maka ranar haihuwarka, da unguwarku, da bankin da kake ajiya, ya ce daga babban ofishi yake, an ga matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusun kafin la'asar. Wanda ya san duk wannan, yaya dattijo mai karɓar fansho zai ɗauke shi baƙo? Daga nan sai ya ce an turo maka wasu lambobi ta saƙo, ka karanto masa. Waɗannan lambobi su ne izinin fitar da kuɗin. Wato rabin aikin an riga an yi masa shi a kan Naira 100 ko 200, saura rabin kuma a bakinka zai karɓa.

Ainihin mabuɗin gidan kuwa layin wayar ne. Da layin da ka yi rajista da shi, duk wanda ya latsa *565*0# zai ga BVN ɗinka, wanda ya latsa *346# kuma zai iya ganin NIN ɗinka. A kan wannan layi ne banki ke turo lambobin tabbatarwa, a kansa ne kuma ake tura kuɗi da gajerun lambobin nan ko babu intanet. Shi ya sa masu ƙwacen waya a cikin A Daidaita Sahu ko a cunkoson kasuwa ba sa raina 'yar ƙaramar waya mai tocila. Wayar ba ta da wani kuɗi, amma katin da ke cikinta yana iya buɗe asusu biyu ko uku, yana kuma iya karɓo bashi da sunan mai shi kafin gari ya waye. Mutane da yawa kuma sukan ajiye lambar asusunsu a cikin jerin sunayen waya, wasu har da lambar sirrin, su rubuta sunan banki a kai domin kada su manta. Ɓarawo ba ya bukatar ya yi karatu kafin ya gane wannan.

To, duk wannan sata ce. Akwai kuma wanda ya fi ta ban tausayi, wato sayarwa da hannun mai abu. A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC ta ce ta gano matasa wajen 12,000 a faɗin ƙasar nan waɗanda sana'arsu ita ce bin mutane suna sayen lambobinsu na NIN da BVN, da hotunansu, da bayanin inda suke zaune, a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma sayar a kan wajen Naira 5,000 domin a buɗe asusu a kamfanonin kuɗi na waya. NIMC ta mai da martani cewa babu ruwanta da abin da ya sami wanda ya sayar da lambarsa da kansa. A shari'ance wataƙila tana da gaskiya. Amma bari mu tambayi kanmu, wane ne yake sayar da sunansa a kan Naira 2,000? Ba ma'aikacin banki ba ne. Matar da mijinta ya rasu ce, da ɗan gudun hijira, da saurayin da ya gama sakandare babu aiki. Tun da aka janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu, 2023, abinci ya yi tsadar da kowa ya sani, mutumin da bai ci ba tun jiya kuwa ba ya ganin wata daraja a lambobi 11 da ke kan takarda. Sau da yawa ma ba a gaya masa saye ake yi ba. Cewa ake yi ana rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, wannan Naira 2,000 kuma somin taɓi ne.

Abin da bai sani ba shi ne inda sunansa zai kwana. Asusun da aka buɗe da shi, ta nan kuɗin damfara za su bi, wani lokaci har da kuɗin fansa. Layin da aka yi rajista da lambarsa, da shi za a kira dangin wanda aka sace. Ranar da 'yan sanda suka bi sawu, takarda ba za ta nuna fuskar wanda ya ci kuɗin ba. Sunan da ke rubuce shi za a nema, hoton da ke kai shi za a bi har ƙauye. Mutumin da bai taɓa riƙe Naira 100,000 tasa ba sai ya sami kansa yana bayanin miliyoyin da suka ratsa ta asusun da bai san da shi ba, da Turancin da ba ya ji, ba kuwa lauya. Babban Banki ya san da wannan ɓaraka. A watan Afrilu na 2024 ya dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin masu ajiya, sai a watan Yuni ya sake su bayan an ƙara tsaurara tantancewa. Amma tantancewar da ta dogara ga lamba da hoto ba ta iya bambanta mai lamba na gaskiya da wanda ya saye ta, musamman idan mai lambar ne da kansa ya tsaya aka ɗauki fuskarsa.

Sai kuma masu ba da bashi ta waya. A nan ne muka ga yadda bayanan mutum ke zama bulala. Mutum yana cikin matsi, yaro ba lafiya ko an koro shi daga makaranta, ya sauke manhaja, ta ce ya amince ta ga sunayen da ke wayarsa da hotunansa, ya latsa ya amince, aka ba shi Naira 10,000 na kwana bakwai da ruwa mai nauyi. Ya makara da kwana biyu, sai saƙo ya isa wa surukinsa, da maigidansa a wurin aiki, da maƙwabta, cewa wane ɓarawo ne ana nemansa. Wasu har sanarwar mutuwa aka haɗa musu da hotonsu aka watsa. A ƙasar da rufin asiri ya fi dukiya, wannan ba ƙaramin yanka ba ne. A lura kuma, surukin da maƙwabcin ba su ci bashin kowa ba, ba su amince da komai ba, amma lambobinsu sun tafi. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan hali. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja, daga baya ta tilasta musu yin rajista. Abin da ya fi rage musu ƙarfi, in za mu faɗi gaskiya, shi ne dokar da kamfanin Google ya kafa daga ƙarshen watan Mayu na 2023, wadda ta hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa leƙa sunaye da hotunan da ke cikin waya. Abin kunya ne a ce wani kamfani a Amurka ya fi hukumominmu saurin toshe ƙofar. Har yanzu kuma akwai masu raba manhajarsu ta saƙon waya, a bayan kasuwar Google, inda wannan doka ba ta kai ba.

Yanzu mu dubi gargaɗin nan na kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, mu auna shi da rayuwar mutanenmu. Waɗanda suka tsara shi suna tunanin mutum ɗaya ne, da wayarsa ɗaya, mai iya karanta Turanci, mai latsa komai da hannunsa. A garuruwanmu da ƙauyukanmu ba haka abin yake ba. Tsohuwa tana da asusu domin ɗanta da ke Legas ko Fatakwal ya riƙa turo mata, amma jikanta ne ke karanta mata saƙo. Mata da yawa da wayar maigida aka buɗe musu asusu. Sa'ad da aka canja fasalin Naira aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, mutanen da ba su taɓa taɓa kati ba dole ta sa suka koma wurin masu POS, kuma kowa ya sha ganin dattijo ya miƙa kati ya faɗi lambobi huɗun da ƙarfi, mutane goma suna tsaye suna ji, domin idonsa ba ya ganin maɓallan. Yawancin masu POS mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, sun kuma taimaki jama'a a lokacin da bankuna suka gaza. Amma tsarin da ya dogara ga kirkin kowane mutum ɗaya, ranar da aka gamu da mugu ɗaya an gama.

Ga shagunan kwamfuta inda ake cike wa yara takardun JAMB, da na neman aikin soja ko ɗan sanda. Nan ake barin hoto, da NIN, da takardar haihuwa, da kalmar sirrin imel wadda sau da yawa mai shagon ne ma ya ƙirƙira. Ga ofisoshi da makarantu da asibitoci masu cewa a kawo kwafin katin shaida, su tara a kwali, bayan shekara biyu a share ofis a sayar wa masu awo. Wanda ya taɓa buɗe takardar da aka ƙunsa masa tsire ko ƙosai ya ga hoton wani bawan Allah da adireshinsa da lambar wayarsa ya san abin da muke nufi. Ba a bukatar gwanin kwamfuta a nan.

Doka dai akwai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2019 NITDA ta fito da ƙa'idojin kare bayanai, a watan Yuni na 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa NDPC. Dokar ta ce kada a karɓi bayanin mutum sai da dalili na halal, kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata. Ta ba mutum ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara, ya sa a goge, ya kuma janye amincewarsa. Idan bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukuma cikin awa 72. Manyan masu tara bayanai ana iya cin su tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. An kuma soma gani a ƙasa. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da ita a watan Afrilu na 2025. A watan Agusta na 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity Naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. A watan Yuli na 2025 ta ci MultiChoice Naira miliyan 766.

Mun yaba da wannan. Amma mai karatu zai lura cewa duk waɗanda muka ambata kamfanoni ne. Mafi girman mai tara bayanai a ƙasar nan kuwa gwamnati ce, NDPC da NIMC kuma 'ya'yan gida ɗaya ne. Kura ba ta cika cin 'yar'uwarta tara ba. Sa'an nan tarar, komai yawanta, ba aljihun wanda aka tona wa asiri take shiga ba. Dokar ta ba hukumar ikon ta sa a biya wanda aka cuta diyya, ta kuma ba shi damar zuwa kotu, amma manomi a Zangon Kataf ko Numan bai san da wannan ba, gama ba a taɓa karanta masa dokar da harshen da yake ji ba. Amincewar da ake taƙama da ita, wadda mutum ke bayarwa ta latsa wani akwati a ƙarƙashin shafi goma na Turancin lauyoyi, suna ce kawai.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Indiya tana da irin wannan lamba, Aadhaar, kuma a watan Janairu na 2018 wata jarida a can ta sayi hanyar shiga rumbun a kan Rufi 500. A watan Satumba na 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta bar lambar ta ci gaba, amma ta soke tilasta haɗa ta da layin waya da asusun banki. A Kenya, Babbar Kotu ta yanke a watan Oktoba na 2021 cewa fito da katin Huduma ya saɓa wa doka, domin gwamnati ba ta fara auna haɗarin da ke cikinsa ga bayanan jama'a ba. Mu a nan mun ɗaure komai a igiya ɗaya tukuna, dokar tsaron ta biyo baya da shekara biyu da rabi.

Abin da muke nema daga mahukunta ba shi da wuya. Duk lokacin da wani ya duba lambar mutum, a turo wa mai lambar saƙo a wayarsa, kamar yadda banki ke turowa idan an taɓa asusu. Mutum ya iya ganin dukan layuka da asusun da aka buɗe da sunansa, kyauta, ta ƙaramar waya, da Hausa da sauran harsunanmu. Wanda aka ba lasisin tantancewa ya ci amana, a faɗi sunansa a fili, a kai shi kotu, haka ma ma'aikacin gwamnati ko na kamfanin waya da ya taimaka. Kuma 'yan sanda su daina ɗaukar sunan da ke kan asusu a matsayin ƙarshen bincike, tun da EFCC da bakinta ta faɗi yadda ake samun waɗannan sunaye.

Akwai kuma namu laifin na cikin gida, mu da muke shugabancin jama'a. Ƙungiyoyin unguwa, da na ci gaban gari, da na mata, da majami'u da masallatai, duk mukan tara sunaye idan an ce za a raba taki ko shinkafa ko tallafin kuɗi. Wani ɗan siyasa ya aiko a kawo sunaye 50 da NIN da lambar asusu, sai sakatare ya zaga da takarda, a ƙarshe ya ɗauki hotonta ya jefa a zauren WhatsApp mai mutum 300. Mutane sun ba da lambobinsu ne domin sun amince da mu, ba domin sun san mai karɓa ba. Kafin a miƙa irin wannan takarda ya kamata a san wane ofishi ne ya nema, a ga wasiƙarsa, a kuma tambayi me ya sa rabon buhun masara yake bukatar BVN. Idan an gama, sauran kwafin a ƙone su. Waɗannan zaurukan ne kuma macuta suka fi so. Sukan kira mutum su ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta waya da yamma, an turo masa lambobi shida na shiga, ya karanto. Da ya karanta an ƙwace WhatsApp ɗinsa, sai a soma roƙon kuɗi da sunansa wurin duk wanda ke ganin girmansa. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta, wato tabbatarwa mai hawa biyu, inda mutum ke sa tasa lambar sirri. Minti biyu ya isa, kuma saurayi ɗaya zai iya sa wa dukan dattawan ƙungiya a zama ɗaya, muddin su ne za su zaɓi lambar.

Haka katin waya. Kowane kati ana iya kulle shi da lambar sirri ta yadda in an cire shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba, sai dai a adana lambar PUK da ke jikin kwalin da ya zo da shi, domin in an yi kuskure sau uku ita ce mai buɗewa. Yawancin bankuna suna da gajeriyar lambar rufe asusu wadda ake iya bugawa daga wayar wani. A rubuta ta a takarda a gida tun kafin ranar bukata, gama wanda aka ƙwace wa waya ran Juma'a da yamma ba zai jira Litinin ba. Dattijon da dole sai an taimaka masa, gara a tsai da mutum ɗaya amintacce, a kuma bar kuɗin cefane kaɗan a asusun da ke da kati, sauran a ajiye a wanda ba shi da shi. Wanda ya ce daga banki yake kira, a kashe wayar a taka zuwa reshe. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambobin da ya turo.

Abu na ƙarshe da mutane ba su cika tunawa da shi ba shi ne tsohon layi. Layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Idan ba a je banki an cire shi daga asusu ba, sabon mai layin ne zai riƙa samun saƙon kuɗin tsohon mai shi. Wannan ya fi shafar iyalan da aka yi wa rasuwa, inda ake jefa wayar mamaci a akwati ana jiran rabon gado ko kuɗin sallama daga wurin aikinsa, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. Kafin magada su gama zaryar takardu, layin ya riga ya koma hannun baƙo a wani gari. Wanda ke riƙe da wayar mamaci ya riƙa sa mata kati yana kira da ita lokaci lokaci, a kuma kai wa banki takardar shaidar rasuwa da wuri domin a dakatar da asusun har ranar da za a raba.